Saitin sifirin da shok mai ɗaga mota inci biyu: abin da na gani bayan wata bakwai a kan tsohuwar Hilux ɗina

Yau wata bakwai kenan da na ɗaura wa tsohuwar akori-kurata sabon sifirin da shokabsoba, irin saitin nan da ake sayarwa a haɗe mai ɗaga mota inci biyu, kuma da gangan na yi gum tun farko ban ce komai ba, don duk wanda ya zuba kuɗinsa ya kuma sha wuyar ɗaurawa da hannunsa to a satin farko yabo kawai zai yi ta yi ko da abin bai yi ba. Yanzu zumuɗi ya kwanta, zan iya faɗin gaskiya. Sunan kamfanin ba zan kira ba, kar a ce talla nake ko kuma ɓatanci, don akwai inda zan yabe su akwai kuma inda suka ban haushi.

Motar Hilux ce LN106 ƙirar 1992, injin dizal da ake kira 3L mai lita 2.8, ba turbo mai ƙara wa inji ƙarfi ba komai, ƙarfinta bai wuce doki 90 ba, idan ka ga tudu sai ka fara lallashinta tun daga nesa. Abin da ya sa nake sonta shi ne ƙafar gabanta. Toyota ta fara fitar da Hilux mai jan taya huɗu a 1979 da aksil ɗin gaba miƙaƙƙe guda ɗaya a kan sifirin mai falle-falle, daga baya a tsakiyar shekarun 1980 wasu kasuwanni aka koma musu irin wanda kowace tayar gaba ke motsi ita kaɗai, amma irin tawa ta ci gaba da zuwa da miƙaƙƙen aksil har 1997. Ma'ana gaba da baya duk sifirin ne mai falle, ba wani abu mai rikitarwa, mutum da sifana da jak da haƙuri zai iya yin aikin a tsakar gidansa.

Lokacin da na same ta sifirin gaba ya kwanta shame-shame, maimakon ya yi baka sama sai ya miƙe har ya soma lanƙwasa ta ɗaya gefen, tsakanin aksil da robar da ke tare shi da kyar yatsu biyu ke shiga, ko ƙaramin rami ka faɗa sai ka ji gam har cikin haƙoranka. Shok ɗin baya ɗaya da na cire na matsa shi da hannu ɗaya ya shige ya zauna abinsa bai dawo ba.

Abin da ke cikin kwalin: sifirin huɗu, shok huɗu, yu-bol (ƙarafan da ke ɗaure sifirin a kan aksil) da notinansu, bushin na poli (wata irin roba) mai tauri, shakul (mahaɗin da ke riƙe ƙarshen sifirin a jikin shasi) da fin masu wurin ɗura giris, sai shok ɗin sitiyari. Kayan da nauyi, da ka ɗaga falle ɗaya ka san ba wasa aka yi ba, kuma akwai 'yar roba tsakanin fallayen don kar su riƙa goga juna suna ƙara. Nan dai ba ni da abin cewa.

Cire tsohon shi ne yaƙin. Na yi kwana uku ina fesa wa kowane noti man sassauta tsatsa safe da yamma kafin in taɓa sifana, duk da haka fin biyu na baya suka ce atafau ba inda za su, tsatsa ta haɗe su da bututun ƙarfen da ke cikin bushin sun zama abu ɗaya, ka juya noti duka su juya tare, ka buga guduma robar ta shanye bugun ta dawo maka da ita. Ni da ƙanina muka yi ta fama har hannuna ya yi kanta, can ya ce “Yaya, wallahi ka bar wahalar da kanka, kawo giranda mu yanke shi kawai, ai akwai sabo a kwali.” Da na ji maganarsa tun da safe da ban yi asarar rabin yini ba. Minti goma muka yanke duka biyun. Wanda zai yi aikin nan ya tanadi faifan yanka guda uku ko huɗu tun kafin ya fara, ya kuma tokare shasi da ƙafafun ƙarfe na tokare mota, ba bulo ba, ba kuma jak kaɗai ba, don za ka shiga ƙarƙashi ne kana girgiza mota da duk ƙarfinka.

Ɗaura sabon bai ba mu wuya sosai ba, sai dai wurin sa kan santabol ɗin sifirin, wato ƙusar tsakiya da ta haɗe fallayen, ya faɗa raminsa a kan aksil, wanda sai da muka ja aksil ɗin da bel mai ƙugiya kaɗan-kaɗan har muka ji ya faɗa ƙwas. Gefe ɗaya muka riƙa yi muna gamawa kafin mu taɓa ɗayan, shi ya sa aksil bai gudu ya bar mu ba. Tsohon yu-bol kuwa a zubar, ya riga ya miƙe, ba a maimaita shi.

To ga inda suka ɓata min rai. Takardar bayanin da ke ciki falle ɗaya ce, hoton ma dishi-dishi, kuma ba ta ce uffan ba a kan abubuwa biyu da suka shafi birki, wanda a ganina wannan ba ƙaramin sakaci ba ne. Na farko tiyon birki. Da na ɗaga motar ta shasi na saki aksil ya sauko iyakarsa, sai na ga tiyon baya ya miƙe tsaf kamar tsirkiyar baka, wato da na fita haka na hau wani wuri da taya ɗaya ta rataya, tiyon ne zai riƙe nauyin aksil. Dole na ajiye motar kwana tara ina jiran dogayen tiyo, abin da da sun sa a kwalin ko sun rubuta a takarda da na saya tare. Na biyu shi ne bawul ɗin nan da ke bayan motar mai wani siririn sanda da ya haɗu da aksil. Aikinsa ya auna yadda bayan mota ya zauna, in an yi lodi baya ya sauka sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi, in ba kaya sai ya rage don kar tayoyin baya su kulle. Da ka ɗaga mota inci biyu sai bawul ɗin ya ɗauka kullum fayau take har ma ta fi fayau, sai ya riƙe birkin baya, gaba ke yin kusan duk aikin. Ni ban san da wannan ba sam, na dai ji motar tana dungure hanci in na taka birki, sai da wani dattijon makanike ya leƙa ƙarƙashi ya ce “yaro, ka ɗaga mota ka bar sandan nan a inda yake?” Na ce “Baba, wane sanda?” Dariya kawai ya yi. Maganin ɗan guntun ƙarfe ne mai huji da ke ɗaga mazaunin sandan daidai da yadda motar ta ɗagu, aikin rabin awa, amma wanda bai sani ba zai yi ta yawo da rabin birki.

Akwai kuskuren da ni na yi da kaina kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Na ɗaure notinan shakul tam motar tana rataye a sama. Ba haka ake ba, sai ka sauke ta ta tsaya da ƙafafunta, ka ɗan girgiza ta, sannan ka ɗaure, in ba haka ba shakul ɗin ba ya samun sakewa kuma motar sai ta tsaya a karkace. Na sake kwancewa na gyara. Yu-bol ma bayan na yi kamar kilomita 500 na koma na bi su da sifana mai awo, kowanne sai da ya ƙara shiga, wasu har kusan rabin zagaye, don sabon fenti da ke tsakanin fallaye yana murjewa su saki.

Amma babban kuskurena tun wurin oda na yi shi, kuma shi ne ainihin abin da ya sa na zauna rubuta wannan. Sifirin nan kala-kala ne gwargwadon nauyin da motar ke ɗauke da shi kullum, akwai mara nauyi, akwai matsakaici, akwai na manyan kaya. Ni kuma a raina na riga na gama gina motar, na sa mata bamban ƙarfe da winci a gaba, na sa rumfa da durowoyi da tankin ruwa da taya biyu a baya, sai na ce a ba ni na manyan kaya gaba da baya. Mai sayarwar har ya tambaye ni sau biyu ko kayan suna kan motar yanzu, na ce suna hanya. Wata bakwai ga shi har yau na bayan suna hanya. Gaba dai na samu na sa bamba da winci, kuma daga ranar gaban ya zauna daidai, ya yi laushi, rami ba ya dukana kamar da, a hanya mai gargada sitiyari ba ya fizge hannu. Gaban nan ban da ƙorafi ko ɗaya.

Bayan kuwa, Allah Sarki. Akori-kura dama in ba kaya bayanta tsalle yake, to ka haɗa da sifirin da aka yi don ɗaukar ɗaruruwan kilo kullum, sai ta zama kamar jakin da aka tsikara. Bayan ya ɗagu ya fi inci uku maimakon biyu, motar ta yi goho, a hanya mai ƙananan kunya-kunya in na ɗan ƙara wuta sai in ji bayan yana zamewa gefe don tayoyin ba sa zama a ƙasa. Uwargida sau ɗaya ta shiga ta ce ita da motar nan sai dai a gaisa daga nesa. Ranar da na loda mata buhunan siminti shida, kilo 300 kenan, sai ga mota ta zama wata daban, lumui, shok da sifirin suna aiki tare kamar ba ita ba, a ranar na gane kayan ba su da laifi, ni ne na sayi takalmin da ya fi ƙafata. Don haka in ka tambaye ni wanne za ka ɗauka, ka je ka kalli motarka yadda take tsaye yau, abin da ke kanta yanzu shi za ka faɗa wa mai sayarwa.

Shok ɗin su ne suka fi burge ni. Na yi tafiyar kusan awa biyu a hanyar ƙasa mai wahala, na tsaya na taɓa su da zafi sosai amma ba su saki ba, motar ba ta fara lilo ba, kuma har yau ba ɗigon mai a jikinsu. Fentinsu ne dai ba shi da kirki, tsakuwa ta feffere na baya tun watan farko har tsatsa ta fara leƙowa, sai da na goge na sake fesawa. Bushin poli kuma yana son giris kamar me, in ka manta da shi wata biyu zai tuna maka da ƙiiƙii duk inda ka sha kwana, amma tunda fin ɗin na da wurin ɗurawa aikin minti biyar ne.

Sitiyari ya ɗan karkace bayan ɗagawar, dama irin wannan Hilux ɗin sandan sitiyarinta daga gefen shasi yake tafiya gaba da baya zuwa taya, to duk ɗagawar da ka yi sai ta taɓa shi. A inci biyu abin bai yi tsanani ba, an saita ya dawo tsakiya. Wanda ke mafarkin inci huɗu ko biyar ya sani wannan wani babi ne daban, zai taɓa sitiyari da farfela, wato sandan da ke kai ƙarfin inji zuwa aksil, da abubuwa da yawa, kuma mota mai tsayi ta fi saurin kifewa a kwana, wannan ba ruwansa da tsadar kayan da ka sa.

Na sa taya masu tsayin inci 31 a madadin masu lamba 205R16 da ta zo da su, sun shiga ba sa gogar komai ko an murɗe sitiyari har ƙarshe. Sai dai agogon gudu yanzu ƙarya yake min kaɗan, in ya nuna 100 to ina kusan 105, kuma injin 3L da dama ba gwanin sauri ba ne ya ƙara nauyin jiki a giya ta biyar. Masu cewa in sa 33 na gode, ba da wannan injin ba.

Zan sake sayen saitin? Eh, gaban da shok ɗin ko gobe. Tiyon birki da guntun ƙarfen bawul zan haɗa su cikin odar tun ranar farko tunda na san ba za su zo a kwali ba. Bayan kuma ina tsakanin abu biyu, ko in cire falle ɗaya daga kowane gefe in gani, ko in haƙura har rumfar da durowoyin su iso. Kafin nan dai buhun yashi huɗu na nan a kwance a bayan motar daidai kan aksil na ɗaure su da igiya, ƙanina duk sanda ya gani sai ya tambaye ni yaushe za a fara ginin.