Cin abinci a kewayen Jami'ar Bayero: ina ya kamata ɗalibi ya kai kuɗinsa?

Duk wanda ya samu gurbin karatu a Jami'ar Bayero, 'yan uwa kan yi masa barka biyu: ga karatu, ga Kano garin gurasa da tsire. Sai ya zo ya tarar garin yana da faɗi, aljihun ɗalibi kuwa ba shi da shi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya shiga lissafin kowane faranti. Don haka kafin ka tambayi inda abinci ya fi daɗi, fara tambayar nawa za ka kashe zuwa da dawowa.

Inda aka ajiye ka ma yana da ta cewa, domin jami'ar, wadda ake kira BUK a taƙaice, tana da tsohon mazauni da sabo. Tsohuwar BUK tana bakin gari ne kusa da Kabuga, ga Gadon Ƙaya ga Ɗorayi, kana iya fita ka ci ka dawo kafin lakca ta gaba. Sabuwar BUK kuwa tana can kan titin Gwarzo bayan Rijiyar Zaki, filinta babba ne, daga wasu tsangayoyin zuwa bakin ƙofa tafiya ce mai cin rai a ranar Kano. Wanda ke can, abincin rana kusan dole a cikin makaranta zai ci shi, na dare kuma a Danbare ko Rimin Gata idan a waje ya kama ɗaki. 'Yan likitanci da suka koma asibitin koyarwa na Aminu Kano a titin Zariya, su lissafinsu daban ne, sun fi kowa kusa da titin Gidan Zoo.

Wadda za ta riƙe ka zangon karatu guda ita ce mai abinci ta rumfa, Hajiyar nan mai manyan kuloli da benci biyu. A wurinta ake samun garau-garau, wato shinkafa da wake da mai da yaji, da taliya, da dafa-duka, da shinkafa da miya. Da dare kuma tuwon shinkafa ko na masara da miyar kuka, kuɓewa ko taushe. Abin da ya sa ta fi kowa dacewa da ɗalibi shi ne kai ke faɗin na nawa za a zuba maka, nama kuma daban ake lissafa shi, ranar da babu sai a ci haka nan, ba wanda zai dube ka. Amma masu rumfa ba ɗaya suke ba, kuma a nan ne ya kamata ka ɓata kwanakinka na farko kana dubawa.

Ka je bayan sallar azahar, ka ga inda direbobin adaidaita sahu da masu gadi da ƙananan ma'aikatan makaranta suke zama. Mutanen nan kullum a waje suke cin abinci, ba sa komawa inda aka taɓa ɓata musu ciki. Rumfar da kulolinta ke ƙarewa kafin la'asar ita ce taka, domin abincin da ke ƙarewa ba ya kwana, ba a ɗumama shi a sayar maka gobe. Sannan ka leƙa bayan rumfar, inda ake wanke-wanke. Idan baho ɗaya ne tun safe, ruwan ya yi fari-fari da maiƙo, ana tsoma kwano ana cirewa ana miƙa wa na gaba, to ka yi sallama cikin mutunci ka ƙara gaba, ko da miyarta ta fi ta kowa ƙamshi. Ka lura da hannun da ke karɓar kuɗi, shi ne ke barbaɗa albasa ko akwai yarinya daban? Man da ake zubawa a garau-garau ma ka shinshina: man gyaɗa ba ya ɓuya, haka ma man da aka soya kifi da shi jiya.

Idan ka samu wadda ta yi maka, ka tsaya a kanta. "Hajiya ina wuni, a sa min kamar na jiya." Bayan 'yan makonni za ka ga ludayin ya ƙara nauyi, gyara na zuwa ba ka roƙa ba. Mai yawon rumfa-rumfa ba ya samun wannan.

Sai 'yan tsakani, waɗanda ba su kai faranti tsada ba amma suna tare yunwa. Ɗanwake ne sarkinsu wajen riƙe ciki: garin wake da na rogo da kuka da kanwa, a zuba mai da yaji, mai hali ya sa dafaffen ƙwai da kabeji. Ka ci da hantsi, sai yamma. Sai dai yana kiran ruwa yana kiran barci, wanda ke da lakcar ƙarfe biyu a ɗakin da fanka ba ta aiki ya yi tunani. Gurasa ta fi shi sauƙi a ciki. Bandashe ake nema: a ɗan jiƙa gurasar, a bi ta da garin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da yaji, a yanka albasa da tumatur a kai. Ta yau tana da laushi da ƙamshin tanderu, ta jiya kuwa da ka naɗe ta za ta tsage, kuma komai ƙulin da aka zuba ba zai rufa mata asiri ba. Gurasar da ake ji da ita daga cikin birni take fitowa, wajen Jakara, amma masu talla suna kawo ta har bakin makaranta, ba sai ka yi tattaki ba. Awara, ta waken suya, ita ce naman ɗalibi a ƙarshen wata. A saye ta da zafinta daga kasko. Waina da miya, ko koko da ƙosai, na safe ne, wanda ya makara sai ya tarar an kife tanda.

Mai shayi shi ne na tsakar dare, lokacin jarrabawa musamman, sanda kowa ya tashi sai shi da fitilarsa. Ga sauri, ga zafi, ga shi a gabanka ake yi. Amma ɗalibai da yawa suna ruɗin kansu cewa wurinsa ne sauƙi. Ka lissafa Indomie biyu, ƙwai biyu, shayi da madara, wataƙila da rabin burodi, za ka ga sau da yawa ya wuce farantin tuwo da nama, kuma kafin asuba cikin ya sake kira. A bar shi na larura.

Tsire kuma ba abinci ba ne, marmari ne, duk da na san akwai waɗanda za su yi min musu. Da magariba ake fara samun na kirki, sanda aka ɗora sabo a tukuba. Ka tsaya a mayar maka da tsinken kan wuta, kada ka karɓi wanda ya huce a gefe. Balangu ya fi ƙosarwa idan ku biyu ne ko uku kuka haɗa kuɗi, a sa a gurasa a ci tare, nan ne kawai nama ke zama abincin dare ba tare da ya karya aljihu ba. Kilishi kuwa tsaraba ce, a saya ranar tafiya hutu a kai wa su Inna.

Gidajen abinci na zamani, masu sanyin na'ura da soyayyar kaza da shawarma, sun fi yawa a titin Gidan Zoo da wajen Nassarawa da Bompai, ko da yake yanzu ana samun ƙanana a hanyar Kabuga zuwa Rijiyar Zaki. Abin da kake biya a can ba abincin kaɗai ba ne, har da kujera da lantarki da natsuwa, kuma wani lokaci hakan ake bukata: Baba ya zo ziyara, ko an gama jarrabawa, ko ana son wurin da za a zauna a yi magana ba hayaniya. Daga sabuwar BUK dai tafiya ce ta hawa biyu ko uku, ga cunkoson Kabuga da yamma, ga ƙarancin abin hawa idan dare ya yi nisa. 'Yan mata musamman su fita da wuri, su fita tare. Wanda ya mayar da wurin na kowane mako, kuɗin da aka turo masa na wata ba zai ga tsakiyar wata ba.

Ɗaliban da suka zo daga kudu, ko duk mai kewar sakwara da miyar agushi, amala ko farfesun kifi, Sabon Gari ce amsarsu. Nisa ne matsalar, sai dai ranar Asabar ko Lahadi.

Lokaci ma yana sauya zaɓi. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan sa miya ta yi tsami da wuri, abincin da aka dafa da safe kada a yarda da shi da dare, fura da nono ko da yogot mai sanyi sun fi zama lafiya idan ka san wurin da kake saya. Da damina, sanda amai da gudawa ke yawo, a rage ɗanyen ganye: kwaɗon zogale da aka dafa ba laifi, amma latas da kabejin da ba ka san da wane ruwa aka wanke ba, ka ce a bar shi. Da hunturu ƙura ce abokiyar gaba, a nemi mai rufe kayansa. Da azumi kuwa yawancin rumfuna ba sa ɗora tukunya da rana, kasuwa sai dab da shan ruwa; wanda ba ya azumi ya tanadi abinsa tun dare, mai azumi kuma ya tambaya tun kafin wata ya tsaya wace ce ke yin abincin sahur.

Batun biya: yanzu har mai ɗanwake tana karɓar a tura mata ta waya, amma sabis kan ɗauke daidai lokacin da ka gama suɗe kwano, don haka ka riƙa ajiye 'yan canji a aljihu. Wasu masu rumfa suna da littafin bashi ga wanda suka sani, wasu ma suna yarda ka ajiye kuɗin mako gaba ɗaya kana ci ana ragewa. Na biyun ya fi, don kuɗin abinci ya bar hannunka kafin data da kwafin takardu su cinye shi. Idan za ka yi haka, a rubuta a gabanka, kai ma ka rubuta a wayarka, kuma ka fara da na mako ɗaya tukuna.