Gargaɗi: ribar da ke hawa a allon waya

Jama'ar Maradi, a yi hattara da wani shafi da ake ta turawa a WhatsApp, wai ka zuba jika goma ka zauna kana kallon riba tana shigowa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Daren jiya ƙanena, ɗan kabu-kabu a unguwar Zariya, ya same ni a fada baki har kunne: "Yaya, duba, tun la'asar take hawa." Jika 25 ya tura musu, kuɗin da yake tarawa na sauya taya.

Gina shafukan intanet ne sana'ata, shi ya sa ban tsaya musu da shi ba. Na ce ya kashe intanet ɗin wayar gaba ɗaya. Ya kashe. Lambar ta ci gaba da hawa abinta. To daga ina ribar take zuwa, alhali wayar ba ta magana da kowa?

A JavaScript, harshen da muke rubuta shafukan intanet da shi, akwai wani umarni, setInterval. Kana ba shi aiki, ka yanka masa lokaci, idan ka rubuta 1000 daƙiƙa ɗaya ke nan, sai ya dinga maimaitawa har a tsayar da shi. Abin halal ne, da shi muke yin agogo da hotunan da ke sauya kansu. Ɓarawon nan cewa ya yi kawai: duk daƙiƙa a ƙara dala ɗaya a kan lambar. Layi uku ne, ɗalibin da ya yi wata guda yana koyo zai rubuta shi. Idan suna son lambobin su riƙa gudu sumul kamar na famfon gidan mai, sai su sa requestAnimationFrame, wanda ke sake zana allo wajen sau 60 a daƙiƙa. Duk a cikin wayarka ake wannan wasan, babu ko sisi a bayansa.

Haka saƙonnin nan masu leƙowa, "wane ya cire jika 100 yanzu". Sunaye ne da aka jera tun farko, wani umarni mai suna setTimeout, mai jinkirta aiki zuwa lokacin da aka yanka masa, ke fito da su. Agogon "saura minti 15 a rufe rajista" kuwa, mun sake buɗe shafin, ya koma 15 cif.

Da safe ƙanen nawa ya danna wurin cire kuɗi, aka ce sai ya fara biyan jika 5 na buɗe asusu. Na karɓe wayar. Wanda ya shigar da shi, har yanzu lambarsa a kashe take.