Gwajin hali na 16Personalities: me zai yi wa mai shago a Accra?

Mai shagon waya a Circle, ko mai teburin momo (tura kuɗi ta waya) a Nima, yana neman yaro. Sai wani ya ba shi shawara: tura wa mai neman aikin shafin 16Personalities ta WhatsApp, ya cike, ya turo hoton sakamako, ka san halinsa tun kafin ku gana. Gwajin kyauta ne, yana buɗewa a ƙaramar waya, ba ya cin data sosai. Amma kafin maigida ya ɗora masa wannan nauyi, gara ya san abin da yake aunawa.

Jimloli 60 ne, irin su "kana yawan yin sababbin abokai". Ƙarƙashin kowace akwai da'ira bakwai, daga cikakkiyar yarda zuwa cikakken ƙi, ta tsakiya ta ɗan ba-ruwana. Wanda Turancinsa ya zauna zai gama cikin minti goma zuwa sha biyar. Daga nan a ba shi haruffa huɗu, kamar ISTJ ko ENFP, a ƙara A ko T a wutsiya, kowane harafi daga ma'auni ɗaya na hali mai nasa alƙalami, sai dogon bayani mai daɗin karantawa.

Haruffan sun samo asali daga littafin masanin halayyar ɗan'adam Carl Jung na 1921 kan nau'o'in halin ɗan'adam, wanda Katharine Briggs da 'yarta Isabel Myers suka mayar gwaji a Amurka. Shi wannan shafi ba nasu ba ne, na wani kamfani ne a Ingila, NERIS Analytics. Ya ari haruffan, amma ma'auninsa ya fi jingina da tsarin halaye biyar da masana suka fi yarda da shi.

Babban aibin yana wajen yanka. Kowane ma'auni daga 0 zuwa 100 yake, sai a raba shi a tsakiya. Wanda ya samu 51 cikin ɗari a son cuɗanya da jama'a ya zama E, wanda ya samu 49 ya zama I, alhali amsa ɗaya ce ta raba su. Mai 51 kuma an zuba shi kwando ɗaya da mai 95. Mafi yawan mutane a kusa da tsakiyar suke, shi ya sa wanda ya sake gwajin bayan 'yan makonni yakan tarar harafi ɗaya ko biyu sun sauya. Halinsa na nan, ranar ce kawai ya tashi da gajiya.

Sai maganar "wallahi kamar ya san ni". A 1948 wani malamin ilimin halayya a Amurka, Bertram Forer, ya ba ɗalibansa bayanin hali, kowa na zaton nasa ne shi kaɗai, suka ba shi maki kusan 4.3 cikin 5 wajen dacewa. Takarda iri ɗaya ya raba wa kowa. Bayanin da ya ce kana da kirki amma wani lokaci kana shakkar kanka, wa zai ce ba shi ba ne?

Akwai kuma abin da ya shafe mu. Yaron da ya tashi a zango, aka koya masa sunkuyar da kai gaban manya, zai amsa kamar mai gudun mutane, ko da shi ne mai bakin majalisa in an zauna shan ataya. Kunya tarbiyya ce, gwajin kuwa yana lissafa ta a matsayin hali. Mai neman aiki shi ma ba wawa ba ne: ya san Alhaji na son mai tsari, zai danna "na yarda" a duk inda aka ambaci tsari. Kuma babu jimla ko ɗaya da ke auna amana ko iya lissafi. Hatta kamfanin da ke riƙe da gwajin Myers da Briggs na asali yana hana amfani da shi wajen ɗaukar ma'aikata.

Inda yake da amfani shi ne tsakanin mutanen da suka riga suna aiki tare. Kowa ya cike shi kaɗai, ba a gaban maigida ba. A rubuta alƙaluman ma'aunan nan biyar, a manta da haruffa. A sake bayan mako biyu. Duk ma'aunin da ya tsaya tsakanin 40 da 60 a bar shi, bai ce komai ba. Wanda ya wuce 70 sau biyu, shi za a zauna a tattauna: me ya sa wane ke son a gaya masa aikin gobe tun yau, wane kuma ya fi ƙwazo in ciniki ya rikice. Ƙarin bayanan da shafin ke sayarwa ba a bukatar su don wannan.

Don ɗaukar yaro kuwa, a zaunar da shi a tebur na kwana uku da kuɗin juyi kaɗan, misali sidi 500, da littafin shige da fice. Kowace yamma a ƙirga tare, a ga ko lissafi ya cika, a kuma lura da yadda yake amsa wa kwastoman da ya zo da faɗa kan kuɗin da bai shiga ba.