Canjin shakazoba: ka yi da kanka ko ka kai gareji?

Kafin ka fara lissafin kuɗin da za su rage maka, leƙa bayan taya ka ga wane irin shakazoba ne a motarka, domin can amsar take.

Akwai mai zaman kansa, shi daban sifirin daban, noti a sama noti a ƙasa. An fi samun irinsa a ƙafafun baya. Duk mai jak da sifana da ɗan haƙuri zai iya canza shi, kuɗin aiki ya zauna a aljihunsa. Sai dai a tokare motar da matokarai na ƙarfe, kada a shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Kada kuma a ɗaure notin ƙasa tamau sai nauyin motar ya sauka kan taya, in ba haka ba robar da ke bakinsa za ta murɗe ta yage da wuri.

Na gaba ne ke da magana. Yawancin ƙananan motoci na amfani da tsarin MacPherson, inda shakazoba ke cikin sifirin, an matse su wuri ɗaya. Kwance notin saman ba tare da an danne sifirin da na'urar matsewa ba, ganganci ne da kan karya hannu ko muƙamuƙi. Bayan an gama, ana bukatar daidaita ƙafafu, aikin da sai a gareji, in an tsallake shi taya ta cinye ta gefe ɗaya. Haɗa kuɗin na'urar matsewa, da sifana mai auna ƙarfin ɗauri, da na daidaitawa, da noti mai tsatsa da zai iya cinye maka yini guda. Ribar da ka hango za ta ragu sosai, musamman in sau ɗaya za ka yi aikin.

Tsakanin biyun akwai haɗaɗɗe, wanda ke zuwa da sifirin da mazaunin samansa a ɗaure. Kamfanoni irin su KYB da Monroe na yin sa. Ya fi tsada, amma ya raba ka da taɓa sifirin, kuma in dole sai ka yi da kanka, shi nake ba da shawara.

Ko wa zai yi aikin, biyu ake canzawa, dama da hagu. Sabo ɗaya tsoho ɗaya na sa mota rangaji a kwana da lokacin taka burki.

In gareji za ka, nemi a raba maka kuɗin kaya da na aiki, ka ji sunan kamfanin da za a saka, da ko daidaita ƙafafu na ciki. Wasu garejin ba sa ba da garanti in kai ka kawo kayan, don haka tambaya kafin ka saya. Motar da shakazobanta na iska ne ko mai aiki da lantarki kuwa, a bar wa masu kwamfutar gwaji.