Moodle a jami'a: lasisi kyauta ne, ɗawainiya ba kyauta ba

Jami'ar da za ta ɗora darussa, jarrabawa da makin ɗalibai dubbai a kan manhaja guda ta fara tambayar wa ke da ikon ƙwace mata ita. Ta wannan fuska Moodle, manhajar koyarwa ta intanet da ake samu kyauta, ta fi manhajojin haya nesa ba kusa ba, kuma dalilin yana cikin tarihi.

A Janairun 2006 ofishin rajistar ƙirƙira na Amurka ya ba kamfanin Blackboard, mai sayar da manhajar koyarwa, takardar mallaka mai lamba 6,988,138. Cikin abin da takardar ta ce nasu ne har da tsarin da mutum ɗaya zai zama malami a wani kwas, ɗalibi a wani, kowane matsayi da irin abin da aka yarda ya gani. Duk manhajar koyarwa haka take aiki. A Yulin shekarar Blackboard ya maka abokin gasarsa Desire2Learn na Kanada a wata kotun tarayya a Tezas. Hankalin jami'o'i ya tashi, domin idan ƙarar ta tsaya babu wanda zai tsira. Cibiyar lauyoyi ta Software Freedom Law Center ta nemi a sake duba takardar a madadin Moodle, Sakai da ATutor, waɗanda duk buɗaɗɗun manhajojin koyarwa ne da kowa ke iya saukewa ya gyara. Da matsin ya yi yawa, a Fabrairun 2007 Blackboard ya yi alkawarin ba zai kai buɗaɗɗun manhajoji ƙara ba. Duk da haka a 2008 aka yanke wa Desire2Learn biyan dala miliyan 3.1, sai a Yulin 2009 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin. Wani ɓangare na hujjar shi ne tsofaffin manhajoji, har da ta Blackboard ɗin kansa, sun riga sun yi abin da ake cewa sabo ne. Shekara uku aka yi ana kashe kuɗin lauyoyi a kan abin da masu manhajar koyarwa suka daɗe da sani.

Moodle, wadda Martin Dougiamas ya fitar a Ostareliya a 2002, tana ƙarƙashin lasisin GPL, zubi na 3 a yanzu. Lasisin ya ba kowa damar saukewa, gyarawa da rabawa, kuma wanda ya ba da gudummawar rubutun manhaja ba zai dawo daga baya ya nemi kuɗi da sunan haƙƙin ƙirƙira a kan gudummawarsa ba. Amma a fahimta, wannan bai ɗaure hannun wani kamfani na waje da bai taɓa sa hannu a aikin ba. Abin da ya tabbata shi ne rubutun manhajar da rumbun bayanan suna hannun jami'a. An ga amfanin haka lokacin da Blackboard ya sayi Moodlerooms da NetSpot a 2012, manyan masu ba da hidimar Moodle, Moodle kuma ta raba gari da shi a 2018: jami'o'in da ke riƙe da nasu a uwar garkensu ba su rasa komai ba. Sunan Moodle kuwa tambarin kasuwanci ne mai rajista. Kowa na iya girka ta, amma tallar hidima da sunan sai kamfanin da aka amince masa, don haka a binciki ɗan kwangilar da ya zo yana cewa shi wakili ne.

Girkawa ba ta da wuya ga wanda ya san Linux. Ana buƙatar Apache ko Nginx (manhajar da ke miƙa shafuka), PHP (harshen da aka rubuta Moodle da shi), da MariaDB ko PostgreSQL (rumbun bayanai). Sabon zubi na fitowa duk wata shida, amma jami'a ta tsaya kan mai dogon tallafi, irin 4.5 na Oktoban 2024, wanda ke neman PHP 8.1 zuwa sama. Kurakurai uku ne ke maimaituwa. Ana ajiye jakar moodledata a inda ake iya kaiwa gare ta daga intanet, alhali a nan takardun ɗalibai suke. Ana mantawa da cron, mai tayar da ayyukan bayan fage a kan lokaci, wanda ya kamata ya gudana kowane minti, sai saƙonnin imel su daina fita, jarrabawar da lokacinta ya ƙare ta zauna a buɗe. Sannan ana barin iyakar PHP ta asali, megabait 2 ga fayil ɗaya, ɗalibi ya yi ta ƙoƙarin tura kundinsa ya ƙi shiga, a ɗora wa manhajar laifi.

Shigar da ɗalibai da fayil ɗin CSV ake yi, kuma a nan ma akwai tarko. Sunan shiga ba ya karɓar manyan baƙaƙe, ba ya kuma karɓar karan tsaye mai karkata (/) da ke cikin yawancin lambobin rajista, sai an canza saiti. Ya fi sauƙi a cire karan a sunan shiga, a ajiye cikakkiyar lambar a gurbin idnumber. Fayil ɗin kuma a adana shi da UTF-8, in ba haka ba sunaye masu ɓ, ɗ da ƙ za su fito da alamomin tambaya.

Inda Moodle ta fi ƙarfi shi ne jarrabawa, a nan kuma ta fi kunyata masu ita. Rumbun tambayoyinta yana da kyau ƙwarai. Malami na iya rubuta tambayoyi 300 a fayil mai sauƙi da tsarin Aiken ko GIFT, ya rarraba su babi-babi, ya sa a zaɓo wa kowane ɗalibi 40 ba tare da tsari ba, a kuma juya jerin amsoshin. Bayan jarrabawa tana nuna tambayar da kowa ya ci da wadda ba ta bambance mai ƙoƙari da mai canke ba. Safe Exam Browser na kulle kwamfutar ɗalibi har ya gama. Matsalar tana zuwa ne idan aka ce ɗalibai 2,000 su danna farawa ƙarfe tara daidai. Kowane dannawa yana rubuta layuka da yawa a rumbun bayanai, MariaDB kuwa haɗi 151 take karɓa a saitinta na asali, PostgreSQL 100. Shafi ya tsaya, ɗalibai su yi ta sabuntawa, nauyin ya ninka. Maganin sananne ne: a kunna OPcache (mai ƙara wa PHP sauri), a mayar da zaman masu shiga kan Redis (ma'ajiya mai sauri), a daidaita yawan ma'aikatan PHP-FPM (ayyukan PHP da ke gudana lokaci ɗaya) da girman RAM, a raba ɗalibai rukuni-rukuni da tazarar minti goma, a kuma yi gwaji da cikakken nauyi mako guda kafin ranar. Manhajar tana adana amsoshi duk minti ɗaya, abin da ke ceton ɗalibi idan wuta ta ɗauke a ɗakin jarrabawa, amma agogo ba ya tsayawa, sai mai kula ya ƙara masa lokaci da hannu.

Littafin maki shi ne ɓangaren da ya fi rikitarwa, kuma ya cancanci suka. Don raba maki 30 na gwaji da 70 na jarrabawa sai an buɗe rukuni biyu an ba kowanne nauyinsa. Mafi haɗari, saitin asali yana tsallake gurbin da babu maki, don haka ɗalibin da bai yi gwaji biyu ba zai iya bayyana a saman aji. A kashe wannan saitin tun farkon zango.

Manhajar waya tana barin ɗalibi ya sauke darasi inda akwai intanet ya karanta daga baya, wanda babban sauƙi ne ga mai auna data. Bidiyo dai kada a zuba shi kai tsaye, yana cinye faifai.

Ƙarin kayan aikin da ake maƙalawa suna da yawa, kuma su ne ke hana sabuntawa, domin kowane ɗaya da mai shi ya watsar zai tsayar da jami'a a kan tsohon zubi marar kariya. Kwafin ajiya ma sai an haɗa rumbun bayanai da moodledata na lokaci ɗaya, saboda fayilolin ba da sunayensu ake adana su ba, rumbun ne kaɗai ya san wanne ne wanne.

Jami'ar da za ta iya riƙe ƙwararrun ma'aikata biyu na dindindin, da uwar garke mai wutar da ba ta yankewa, ta ɗauki Moodle ta girka da kanta. Wadda ba ta da su ta biya amintaccen kamfani ya riƙe mata, ta rubuta a yarjejeniya cewa za a riƙa miƙa mata cikakken kwafin rumbun bayanai da fayiloli a ƙarshen kowane zango.