Zagayen tsohon birnin Krakow da ɗan jagora

Ga ƴan uwanmu na Damagaram da karatu ko wani taro zai kai ƙasar Polan, shawarata ita ce su ware wuni guda su bi ɗaya daga cikin ƴan jagoran da ke zagayawa da baƙi a ƙafa cikin tsohon birnin Krakow. Ni na shiga ayarin da ake yi wa bayani da Faransanci, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu, domin jagorarmu ba ta tsaya ga nuna gine-gine kawai ba, sai da ta fahimtar da mu dalilin da ya sa kowane gini yake inda yake.

Ta fara da mu daga Ƙofar Florian, wadda ta tsira lokacin da aka rushe yawancin ganuwar birnin a farkon ƙarni na 19 aka mayar da gurbinta lambun da ake kira Planty. Daga nan muka gangara babban dandalin kasuwa, wanda aka shata a 1257 bayan Mongol sun ƙone garin a 1241, kuma kowane gefensa ya kai kimanin mita 200. A tsakiyarsa ne Sukiennice take, tsohuwar rumfar fataken tufafi da aka sake ginawa bayan gobarar 1555, kuma har yau ana ciniki a cikinta. A nan bayaninta ya fi gamsar da ni, domin ta nuna mana yadda tituna suka miƙe daga dandalin zuwa ƙofofi, ta yadda mutum zai gane da idonsa cewa fatauci ne ya tsara garin. Ta kuma daidaita tafiyar yadda muka iso gaban majami'ar Maryamu, mai hasumiya biyu da ba su kai juna tsawo ba, daidai lokacin da ake busa ƙahon da ke tashi kowace sa'a, wanda ake katse shi kafin ya kai ƙarshe.

A tudun Wawel, inda fadar sarakuna ke kallon kogin Vistula, ta ba da labarin yadda Sarki Sigismund na Uku ya mayar da fada Warsaw wajen 1596. Duk ɗan Zinder zai ji wannan labari a jikinsa, tun da mu ma an ɗauke mana babban birni zuwa Yamai a 1926; sai dai mutanen Krakow sun riƙe abin da aka bar musu da kyau, har UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 1978.

Inda na ga gazawa shi ne Jami'ar Jagiellonian, wadda Sarki Casimir ya kafa a 1364, kuma Copernicus, shahararren masanin taurari, ya yi karatu a cikinta. Leƙa farfajiyar Collegium Maius, gini mafi daɗewa na jami'ar, kawai muka yi aka ce mu wuce, alhali makaranta irin wannan ta cancanci a zauna a kanta. Wanda ilimi ya kai shi ƙasar, ya koma can shi kaɗai washegari ya shiga gidan tarihinta, kuma ya sa takalmi mai taushi, domin duwatsun da aka shimfiɗa a titunan suna gajiyar da ƙafa.