Trichogramma ko Cotesia: Wane Zanzaro Ya Fi Maganin Tsutsa?

Masu noman kabeji suna yawan tambaya a kan waɗannan ƙananan zanzaro biyu da ke kashe tsutsa ba tare da feshi ba.

Trichogramma, wanda tsawonsa bai kai milimita 1 ba, yana saka ƙwansa a cikin ƙwan malam-buɗe-littafi, don haka tsutsar ba ta ƙyanƙyashewa balle ta ci ganye. Yana da araha, sai dai kwanakinsa kaɗan ne, dole a riƙa sake sakinsa.

Cotesia glomerata kuwa jikin tsutsar yake hudawa ya zuba ƙwayaye, ita kuma ta ci gaba da cin ganye har 'ya'yansa su fasa fatarta su fito, su yi saƙa mai ruwan ɗorawa a gefenta, wadda za su ƙarasa girma a cikinta. A nan haɗarinsa yake, domin wani zanzaro, Lysibia nana, yana bin ƙamshin ganyen da aka ci har ya gano saƙar, ya saka nasa ƙwan a ciki, 'ya'yan Cotesia su mutu, amfanin manomi ya ragu.

A ganina Trichogramma ya dace da mai sa ido kan gonarsa tun kafin ɓarna, Cotesia kuma da mai haƙurin jure ɗan asara domin tsutsa ta ragu a gaba.